Farin Nono da Kifin Kan Kaburbura

Tun da na dawo daga ƙasar Mafara da Maradun abokan aikina a kwalejin horon malamai suka hana ni shan shayi cikin natsuwa. Wannan ya tambaye ni tsawon madatsar Bakolori, wancan ya ce wai da gaske ne akwai motar da ke ɗauke tudu guda ta ajiye shi a wani wuri. Na ga madatsar, na ga motocin, amma ba su suka kai ni can ba. Na gaji da ba da amsa gutsure-gutsure a bakin ƙofar aji, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani daga farko, domin duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Mu mutanen Zazzau ne, amma ƙanwata Hauwa'u tana aure a Maradun. Unguwar mijinta na cikin waɗanda ruwan madatsa ya ci, aka mai da su sabon mazauni a kan tudu. Da ruwa ya cinye gonarsu, mijin ya tafi ci-rani, ya bar ta da mahaifiyarsa da ɗansu Aliyu. Sunan kakansa marigayi yaron ya ci, saboda haka ba mai kiran sunan a gidan, Maigida ake ce masa. Wani direba ne ya kawo mini saƙonta, yana fara'a kamar mai albishir.

"Ta ce a gaya maka Maigida ya yi ƙiba tun da aka yaye shi. Kumatu kamar na ɗan sarki. Sai dai ƙiwuya, ya daina tafiya, ya daina wasa."

Ni ilimin halittu nake koyarwa. Yaron da aka yaye, ya yi ƙiba a gidan da ba gona, kuma ya daina tafiya, ba ƙiba ya yi ba. Washegari na nemi izini na kama hanya.

Daga Funtuwa zuwa Gusau ba abin faɗa. A Gusau ne na hau babbar mota mai zuwa Talata Mafara, aka zaunar da mu a kan buhuna har saman bodi. Na taɓa wanda nake kai na ji laushi, na tambayi mai kayan, wani ɗan kasuwa mai yawan dariya, ko gero ne aka niƙa.

"Gero? Malam, daga ina kake? Garin rogo ne, daga kudu. Can inda za ka shi ne sarki. Mudu guda, a zuba ruwa ya kumbura, gida duka ya ƙoshi."

Na ce ƙasar da ke ciyar da wasu da gero da dawa ita ake kai wa rogo? Ya ce shi ba ruwansa da tarihi. Wani dattijo da ke gefe ya nuna mini da haɓa filin da muka fara ratsawa. An baje shi sumul, babu itace, babu kunyar noma, babu iyakar gonar kowa. Ya ce, "Nan munka bar dorawa da tsamiya. Masu aikin madatsa sun ce mu dakata da shuka har su gama aunawa. Muna nan muna dakatawa."

Kusa da wurin aikin akwai shinge da masu gadi. Sun bar kowa, suka tsaya a kaina saboda tabarau da biron da ke aljihuna. Ɗayansu ya ce ni ɗan jarida ne. Na ce malamin makaranta ne. Ya ce to in faɗi abin da nake koyarwa, na faɗa, ya ce bai taɓa jin sa ba, amma tun da ba siyasa ba ce in wuce. Wajen sauka a tashar Mafara kuma wata ƙusa da ta leƙo daga jikin bodi ta tsaga mini ƙwauri. Haka na shiga garin, wando a yage, jini yana bin takalmi.

Masaukina gidan Malam Bello ne, abokin karatuna tun muna yara, wanda ke kula da wani ɗakin shan magani. Ba don shi ba da a tasha zan kwana, domin leburori sun cika kowane zaure a garin. Ya wanke mini ciwon, ya shafa maganin ciwo da ake kira aidin, ya ba ni sauran kwalbar in tafi da ita. Aka kawo hoce da miya. A wajenmu ba mu san hoce ba. Waina ce ta dawa mai kauri, tana zama a ciki kamar dutse, amma na ci na gode. Gaisuwarsu ma ta fi tamu tsawo: sai da maƙwabcin da ya shigo ya tambayi lafiyar gida da gajiya da hanya da ƙura da mutanen Zariya baki ɗaya kafin ya lura da ƙafata. Na gaya wa Bello saƙon direba. Ya ajiye cokalinsa.

"Irinsu nake gani kullum. Ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. Uwa ta ce in yi masa allura. Wace allura? Tamowa ce. Maganinta a tukunya yake, ni kuwa ba ni da tukunya. In ka same shi haka, kada ku ɗura masa abinci da yawa lokaci guda. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa."

Da safe na sami a-kori-kura zuwa Maradun. Sabon mazaunin a kan tsakuwa yake, gidaje a jere kamar bariki, rufin kwano yana walƙiya, babu inuwa ko ta tsayuwar akuya. Daga ƙofar gidan su Hauwa'u ana hango tafkin, shuɗi, mai faɗi, kawunan itatuwa suna leƙowa daga cikinsa.

Surukarta, wadda kowa ke kira Inna, ta tarbe ni da gaisuwa cikakkiya, ta shimfiɗa mini tabarma. Sa'an nan ta ɗauko yaron tana yi masa wasan kaka da jika.

"Ga mijin nawa, Malam. Ka gani? Ya ƙoshi, ya yi girman kai, ko kallona ba shi yi. Maigida, ba ka gaida baƙo? Ko sai na kai ƙara ka sake ni?"

Yaron bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarsa, na ɗauke. Ramin ya zauna bai ciko ba. Gashinsa ya yi ja, yana fita in an shafa. Hauwa'u tana kallon fuskata, ba ƙafar ba.

"Yaya, mene ne?"

Na tambaye ta abin da yake ci. Ta ce kunun rogo da safe, tuwon rogo da rana. Na ce sai me? Inna ta karɓe da alfahari: "Da nono. Kullum ta Allah. Gidanga ba a taɓa yaye ɗa babu nono ba. Dudu na kawo muna."

Wannan ya ɗaure mini kai, domin yaron da ke shan nono kullum bai kamata ya kai haka ba. Na yi musu bayani gwargwadon yadda zan iya ba tare da allo ba. Duk abin da ke da rai, da duk abin da muke ci, an gina shi ne daga manyan sinadarai iri huɗu. Akwai dangin sitaci da sukari, su ne itacen wutar jiki. Shi sitaci ba komai ba ne illa ƙwayoyin sukari da aka ƙulla a jere kamar carbi, yawu da hanji su tsinka shi. Akwai maiƙo, wanda jiki ke ajiyewa. Akwai wani da ke cikin kowace ƙwayar halitta yana ɗauke da kamannin iyaye zuwa ga 'ya'ya, wannan jiki kan haɗa abinsa. Sai furotin, wanda da shi ake gina tsoka da fata da jini, ana samun sa a nono da nama da kifi da ƙwai da wake. Rogo kusan sitaci ne zalla. Komai yawan sitacin da yaro ya ci jikinsa ba zai iya mai da shi furotin ba, domin akwai sinadarin da babu shi a ciki sam. In furotin ya ƙaranta a jini, ruwa ya daina tsayawa a jijiya, ya tsiyaye cikin nama. Abin da suke kira ƙiba ruwa ne.

Inna ta saurara har na gama, ta ce, "To ai ka ce nono. Shina sha."

Ana haka Dudu ta yi sallama. Bafulatana ce doguwa, ta manyanta, da jikanya goye a bayanta. Sun daɗe suna gaisawa da Inna. Daga baya na fahimci cewa ba ciniki ke tsakaninsu ba. Uwar Dudu ita ke kai wa uwar mijin Inna nono tun a tsohon gari, a cika mata ƙwaryar da gero ta koma. Ba a auna wa juna, ba a ƙin juna. Ta sauke ƙwaryar, aka ɗebo mini a ludayi don girmamawa. Fari ne tas, mai kauri, da ɗan tsami. Amma ba ya barin maiƙo a leɓe, kuma yana da danƙo irin na koko.

Na roƙi a ba ni faranti. Na zuba kaɗan, na ɗauko kwalbar Bello na ɗiga. Aidin ruwan ƙasa-ƙasa ne, in ya faɗa a nono na gaskiya haka yake zama, domin sukarin da ke cikin nono ba sitaci ba ne. In kuwa ya sami sitaci, yakan shige cikin murɗin wannan carbi da na ambata, launi ya juye. Wannan gwaji na sha yin sa a gaban ɗalibai suna tafi. A ranar ba wanda ya yi tafi. Wurin da ɗigon ya faɗa ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, kamar an zuba tawada. Na ɗebo kunun yaron na ɗiga a gefe. Launi ɗaya.

Na ji raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Dudu, da murya sama da yadda ya kamata a gidan surukai, "Baiwar Allah, me kike sa wa a ciki?"

Ba ta musa ba. Ta dubi Inna, ba ni ba.

"Shanu sun tafi tun da ruwa ya ci makiyaya, kwalbati ya yanke burtali. Yara sun kora su gabas. Saniya guda aka bar mini, ita ma ƙashi ce, abin da take bayarwa bai rufe gindin ƙwarya ba. Shekara nawa ina shigowa gidan nan? In shigo da ƙwarya wayam?"

"Mi kike damawa?" in ji Inna, a hankali.

"Garin da kike ba ni."

A nan na gane komai. Tun da gero ya ƙare, Inna ba ta iya sallamar Dudu hannu rabbana ba, sai ta riƙa cika mata ƙwarya da garin rogo. Dudu ba ta iya zuwa hannu rabbana ba, sai ta dama shi siriri, ta zuba ɗan nonon da ta tatsa don tsami, ta dawo da shi. Gari ɗaya ne yake zagaye tsakanin gida biyu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Dudu ta kwance goyonta ta juyo da yarinyar don mu gani.

"Malam, da na san guba ne zan ba wannan? Shi take sha. Ga ta nan ta yi ɓul-ɓul."

Ban danna ƙafar yarinyar ba. Ba sai na danna ba. Fushina bai tafi ba, amma ya tashi daga kan Dudu ya koma inda ya dace: kan waɗanda suka auna ƙasa da ruwa da siminti daidai wa daida, ba wanda ya zauna ya auna abin da yaron da aka yaye zai ci a shekarun jira.

Aka ce mini in ana neman nono na gaskiya sai Bakura, can ƙasa da madatsa, inda fadama take. Na koma Mafara na sami mota. Abin da na tarar a Bakura shi ne fadamar da ta tsage kamar bayan tsohuwar tukunya. Da, gulbi kan yi ambaliya kowace damina ya kwanta a kanta, a yi shinkafa, shanu su sami ɗanyen haki da rani, kifi ya cika tafkuna. Yanzu an tsare ruwan a sama. Na zaga kasuwa da kwalbata kamar mai duba-gari, mata masu nono suna ɓoye ƙore in sun hango ni, domin labari ya riga ni isa. Wake ya yi wuya. Na sami ɗan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A bakin kasuwa wani tsohon masunci yana gyaran komar kamun kifi wadda ba ta ga ruwa ba da daɗewa. Na gaya masa abin da nake nema, ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Daga Maradun kat taho neman abin gina jiki nan? Malam, kifinmu duka can sunka tsare shi, bakin ƙofarku. Koma gida."

Gaskiya ya faɗa. A bakin tafkin akwai masunta baƙi daga wajen Yawuri, suna kyafa kifi suna loda wa motoci zuwa birane. Na yi mamakin yadda ban ga ko ƙaya a unguwar su Hauwa'u ba. Na sayi karfasa ɗanya na shiga gida da ita a rataye. Inna ta miƙe tsaye.

"Fitar da shi."

"Inna, maganin Maigida ne."

"Ka san abin da ke ƙarƙashin ruwanga? Maƙabartarmu. Uban mijin ƙanwarka na can. Uwata na can. Ɗiyana uku na can. Kifin da ke kiwo bisa kansu za ka sa a tukunyata?"

Ashe duk unguwar haka suke, ba wanda ya hana su, ba wanda ya yi shela, sun daina ne kawai. Na ce tarwaɗa ce mai bin laka, karfasa a sama take kiwo. Ta ce ruwan ɗaya ne. Na kawo limamin unguwa, ya ce kifin halal ne babu shakka. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ban ce haram ba ne. Kai kana ci?" Liman ya dubi ƙasa. Na ce to a ba shi ƙwai, ta ce kaji sun ƙare, kuma ba a ba yaro ƙwai. Ƙuli-ƙulin da na kawo aka daka aka zuba a kunu, amma ɗan kaɗan ne, na san ba zai kai ko'ina ba. Hauwa'u ba ta iya ƙetare maganar suruka a gidan da mijinta ba ya nan, sai kuka a bayan ɗaki.

Da la'asar Inna ta kira ni gefe. Ta ce, "Kai mai ilimi ne, kuma na ga ba ka iya ƙarya ba. Gaya mini. Abin da anka binne, shina shiga ruwa? Shina shiga kifi?"

Da na ce a'a, da an dafa kifin a ranar. Amma ba haka na sani ba. Na ce mata jiki in ya koma ƙasa, sinadaran da aka gina shi da su sukan warware, tsiro ya sha, dabba ta ci tsiro; haka yake a tudu, haka yake a ruwa, geron tsohon gari ma daga ƙasar da aka binne kakanni ya fito. Ban ce akwai mijinta a cikin wannan kifi ba, amma ban iya rantsewa babu ko ƙwayar zarra ba.

"Ashe gaskiyata ce," in ji ta, ta tashi. Na ba wasu baƙi da ba 'yan unguwar ba kifin.

Bayan haka fatar cinyar yaron ta fara saɓulewa kamar tsohon fenti. Ya daina karɓar kunu sai an matsa. Wata safiya wani makiyayi ya tsaya a ƙofar gida ya ce jikanyar Dudu ta rasu, an kai ta. Inna ta yi salati, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito da mayafinta ta fito, ta nufi ƙofa. Na bi ta daga nesa har bakin tafki. Ta tsaya tana duban wajen da wani rimi ya leƙo da kansa daga ruwa, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, sa'an nan ta je wurin masuntan. Ba karfasa ta zaɓa ba. Tarwaɗa ta nuna, babba.

Ita ta wanke, ita ta dafa, ba ta bar Hauwa'u ta taɓa ba. Ta zare ƙaya da yatsunta, ta murje tsokar cikin kunu da ɗigon man gyaɗa, ta ɗora yaron a cinya. Hawaye na zuba, amma muryar wasan ce ta yi amfani da ita.

"Buɗe baki, Maigida. Kai da kakanka sunanku guda. In shina ciki, to ya zo ya tashe ka, ai aikinai ne. Ya kwanta haka nan ya isa."

Ya karɓi cokali biyu ya kau da kai. Muka bi maganar Bello, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Da kumburin ya fara sauka sai ainihin yaron ya bayyana, ƙashi da fata, wuya kamar sillen kara. Matan unguwa suka shigo suna cewa kifin matattu yana tsotse shi, ga ƙibarsa ta tafi. Na buɗe baki zan yi bayani, Inna ta riga ni.

"Jiya ya cije ni. Wata nawa bai ciji kowa ba? Ku tashi ku ba ni wuri."

Ranar da zan taho yaron yana zaune da kansa, hannunsa cikin kwano. Bai fara tafiya ba, ban kuma san ko zai kai damina ba. Bello ya ce irinsu wani ya tashi, wani zawo guda ya ɗauke shi. A unguwar, gida biyu sun fara aika yara bakin tafki a ɓoye, sauran suna nan a kan rogo. Dudu ba ta sake shigowa ba. Na bar wa Hauwa'u kwalbar aidin.

Inna ta rako ni har ƙofa. Na lura ƙafafunta ita ma sun fara cika takalmi. Na ce, "Inna, ke ma ya kamata ki riƙa shan romon."

Ta dubi tafkin, ta gyara mayafi.

"Shi yaro bai san su ba, Malam. Ni na san su. Allah shi kiyaye hanya."

Wannan shi ne abin da na gani a Bakolori. Tsawon madatsar kuwa ban auna ba. Wanda ke son sani ya tambayi waɗanda suka gina ta, na tabbata wannan lissafin ba su yi kuskurensa ba.